La'asar A Gidan Giya

Akwai maganar da nake so ku ji daga bakina, ku 'ya'yana, don na san kun riga kun ji rabinta a bakin mutanen unguwa. Rabin da kuka ji ya fi daɗin saurare, na yarda, tunda ya bi ta hannun masu gyara da yawa. Nawa ba shi da wannan ado. Abin da ya faru ne kawai a shekarar da na ajiye alli, na dawo gida na zauna ina gyara wa jaridu nahawu da jan biro, ba tare da kowa ya sa ni ba.

A lokacin mahaifiyarku ta yi nisa a sana'ar zoɓo. Shaguna suna karɓa, masu biki suna yin oda, amma zoɓon ba ya jure zafin Kano. Kafin a ankara ya yi tsami, robobin sun kumbura, an dawo mata da su a buhu. Sai ta ji labarin injin da ke ɗumama abin sha ya kashe abin da ke sa shi tsami, ya ɗura a kwalba, ya rufe. Ta ce a ƙasar Sin ake yin sa, kuma tunda a gidan nan ni ne mai Turanci kuma ni ne marar aikin yi, ni zan je. Ban yi musu ba, don duka biyun gaskiya ne. Abin da kawai na bari a baya da ke damuna shi ne masallacin layinmu, inda na yi shekaru ina na'ibin liman. Ba albashi ake ba ni ba, ba kuma takarda aka rubuta aka naɗa ni ba. Idan liman ba ya nan, ladan ya gama iƙama, sai ya waiwayo ya kalle ni, in wuce gaba. Wannan kallon shi ne duk muƙamin, kuma ban san yadda na ɗauke shi da girma ba sai da na je Guangzhou.

Na sauka a wani masauki mai sauƙin kuɗi a unguwar Sanyuanli, inda Hausawa 'yan kasuwa suka cika benen har kana jin ana cinikin kwantena a kan matakala. Maƙwabcinmu Alhaji Sabo mai yadi, wanda kuka sani, shi ya kama min ɗaki, kuma ɗakinsa ne mafi faɗi, don haka a nan ake haɗuwa a yi Magariba da Isha'i. Tun daren farko ya tura ni gaba, ya gaya wa mutane cewa wannan na'ibin limaminsu ne a gida. Kada ku ɗauka Alhaji Sabo mugu ne. Mutum ne mai kyauta da son jama'a, yana cikin kwamitin masallacinmu. Sai dai labari a wurinsa kamar yadi yake, ba ya sayar da shi ɗai-ɗai, a sari yake bayarwa, kuma waya ba ta barin kunnensa.

Wani Alhaji Isufu, mutumin Maraɗi da ya daɗe a garin, shi ya haɗa ni da wata mai ƙera injuna, Madam Liyan. Na je ofishinta ta baje min hotuna masu ƙyalli. Ni kuwa da na ƙare rayuwata ina gaya wa yara ba na karɓar amsa sai na ga yadda aka yi lissafin, na ce mata ba zan sayi hoto ba, sai na ga injin yana aiki. Ta yi murna sosai. Ta ce ai haka take yi wa duk mai sayen da ya san abin da yake yi, takan zaga da shi wurin waɗanda suka riga suka saya, ya gani da idonsa, ya yi tambaya. Muka sa washegari bayan Azahar. Da lokaci ya yi na yi abin da duk dattijon Bahaushe zai yi idan za shi gidan mutane: na ciro farar shaddata mafi kyau, na kafa hula. Ban tambaye ta me mutanen nan suke ɗurawa a kwalba ba. Ita ma ba ta ga dalilin faɗa ba.

Tasi ta sauke mu a Liwan, tsohon gari, muka shiga lunguna da ƙafa, inda tsofaffi ke zaune a ƙofar gida da fifita, wanki yana ɗiga daga sama. Wurin farko na ɗauka gidan shayi ne. Akwai tebura na katako da fitilu masu rataye, ga wani ƙamshi mai ɗumi kamar ana dama kunun gero kusa da gidan burodi. Har na ji daɗin wurin, don a bango akwai baƙin allo an cika shi da rubutun alli, layi-layi, hannu mai kyau. Ina cikin yaba wa wanda ya yi rubutun sai mai wurin ya fito, ya kira ni lawban, wato maigida, ya ajiye wani ɗan katako a gabana mai ramuka, kowane rami da ƙaramin kofi. Wani ruwan zuma-zuma, wani baƙi ƙirin, wani kamar ruwan tsamiya, kowanne da kumfa a kai. Na daɗe ina kallon kumfar kafin na juya wurin Madam.

"Madam, wannan giya ce?"

"Ta hannu ce, Malam," in ji ta. "Ba irin ta kamfani ba. A nan suke dafa abarsu."

Ta faɗe shi kamar wadda ke kwantar min da hankali. Na karanta hukuncin giya, na karantar da shi, na san ba mai sha kaɗai maganar ta shafa ba, har da mai zama inda ake sha. Amma in gaya muku gaskiya, ba wannan ne ya fara zuwa raina ba. Ƙofa na kalla. Na tuna a garin nan akwai Hausawa a kowace kasuwa, Liwan kuwa cike take da kasuwannin sari, kuma a duk lungun nan babu abin da ya kai ni fari da tsawo. Da na sa riga da wando irin na kowa, da sai a ce wani baƙin mutum ne. Da shadda da hula kuwa, ko daga ƙarshen layi mutum ya hango ni ya san daga inda na fito, saura kawai ya tambayi sunan unguwa.

Za ku ce me ya hana ni fita. Na yi wa kaina wannan tambayar fiye da yadda za ku yi min. Ban san hanyar komawa ba, wannan ɗaya ne. Amma babban dalilin shi ne ta bayan gilashi na hango injin, ga tankuna na azurfa suna sheƙi, kwalabe suna tafiya a layi kamar 'yan makaranta masu ladabi, ana cika su ana rufewa. Shi ne ainihin abin da aka aiko ni nema. Na tuna buhunan robobin da ake dawo wa mahaifiyarku da su, da yadda take zubar da su a kwata. Na ce wa Madam addinina ya hana ni sha. Ta fassara wa mai wurin, fuskarsa ta ɗan canja, don a wurinsu mayar da abin da mai gida ya miƙo ba ƙaramin abu ba ne. Sai ta gyara lamarin yadda suka saba: ta ce za ta sha a madadina. Ta ɗauki kofunan ɗaya bayan ɗaya tana kurɓa tana ba ni rahoto, wannan da busasshen ɓawon lemo aka yi, wannan da ganyen shayi, wannan yana da ɗaci kamar magani. Ina tsaye hannuwana a baya kamar mai duba jarrabawa, ina gyaɗa kai.

Wuri na biyu ya fi muni, don gabansa duk gilashi ne, yana kallon titi. Samari da 'yan mata sun fara taruwa, kowa da katakonsa na kofuna, suna shinshinawa, suna ɗaga kofi ga haske, suna gardama a kan ɗanɗano da irin natsuwar da ban taɓa samu daga ɗalibaina a kan darasi ba. Ba wanda ya bugu, ba hayaniya, kuma wannan ya ƙara tsorata ni, don ba haka na zata gidan giya yake ba. Ana cikin nuna min inda ake wanke bututu sai na hango wani baƙin mutum da jakar kaya ya tsaya a waje yana duba wayarsa. Ban san lokacin da na tsinci kaina a bayan tanki ba, na tsuguna, na cire hula na cusa a aljihu. Ni da na yi shugaban makaranta, na kamo yara a bayan ajujuwa suna irin wannan tsugunon. Madam ta leƙo ta tambaye ni ko ƙasan tankin nake dubawa. Na ce mata ƙwarai, walda nake dubawa. Har yau ban san ko mutumin nan Bahaushe ba ne ko ba Bahaushe ba.

Na roƙe ta mu tsaya haka, ta ce saura wuri ɗaya, kuma don shi ta kawo ni. Mai wurin wani mutum ne mai suna Afung, mai faɗin kafaɗa da ƙaramar murya. Ya buɗe wani buhu ya ɗebo abin da ke ciki ya zuba min a tafin hannu. Zoɓo ne, busasshen zoɓo irin wanda ke shanye a tsakar gidanmu. Ashe su ma suna noma shi, shi kuma yana sa shi a giyarsa don launi da tsami. Madam ta ce in injin ya iya da wannan, zai iya da namu. Afung ya ja ni kusa da na'urar ɗurawa don in ga yadda jan ruwan ke shiga kwalba ba tare da iska ta shiga ba. Na sunkuya sosai, don a nan ne amsar tambayata take. Ya murɗa wani abu, sai wata tiyo da ba a ɗaure da kyau ba ta fizge.

Sanyi na fara ji, daga ƙirji har gwiwa. Da na duba, farar shaddata ta koma ja, kumfa tana gangarowa cikin takalmina. Na datse leɓɓana kamar wanda ya faɗa kogi, ina tsoron ko ɗigo ɗaya ya shiga bakina. Afung ya rikice yana ta ba da haƙuri, Madam tana goge ni da tsumma tana ƙara shafa abin. Da na samu na kalli agogo sai wani tsoron ya hau kan na farko: La'asar ta yi nisa, rana ta fara sauka, ga ni cikin najasa tun daga wuya, a tsakiyar gidan giya, ban san ma ina gabas take ba.

Abin da mutanen nan suka yi ba ya cikin labarin da kuka ji, don haka ku riƙe shi. Da na yi wa Madam bayani, Afung ya kai ni wurin famfo na wanke jikina na yi alwala. Ya ciro sabbin kayan aiki daga leda, riga da wando, ya ba ni. Ya buɗe ɗakin ajiyar hatsi, inda babu komai sai buhunan sha'ir da ba a taɓa ba, ya shimfiɗa min sabon kwali, ya duba wayarsa ya nuna min alƙibla, wadda a can yamma take. Sannan ya kashe kiɗan wurin, ya tsaya a bakin ƙofa don kada wani ya shigo. A nan na yi La'asar, cikin kayan ma'aikacin giya. Ban cika yin sallar da na san abin da nake roƙo kamarta ba.

Kafin in idar sun wanke shaddar da sabulu, sun ɗauraye ta sosai, jan ya koma ruwan hoda mai haske. A hukunce ta tsarkaka. Sai dai don ta bushe da wuri, suka shanya ta a jikin babbar tukunyar da ake dafa hatsin, tururi yana dukanta. Da na mayar da ita jikina ta bushe ƙayau, kuma duk zaren da ke cikinta ya sha warin wurin.

A jirgin ƙasa na dawo ni kaɗai, Madam ta sa ni a layin da zai kai ni. Duk wanda ya taɓa hanci sai in ɗauka da ni yake. Na tsara ƙarya kala-kala a hanya, kowacce ina duba ta kamar maƙalar ɗalibi ina samun kuskure. Da na fito a Sanyuanli na tsaya wurin masu turare na sayi ƙaramar kwalba na juye rabinta a jikina. Ban yi nisa ba na gane na ƙara ɓata lamarin. Na san wannan warin, na yaron da ya sha taba a bayan makaranta ya cika baki da alewa mai yaji. Da farko warin wanda abu ya zubo wa nake yi, yanzu kuwa na koma warin mai ɓoye wani abu. Na yi niyyar in lallaɓa ɗakina in canja kaya, amma ɗakin Alhaji Sabo ne a bakin matakala, ƙofa a buɗe, an riga an shimfiɗa dardumai, mutane sun tsaya a sahu.

"Yauwa, ga Malam nan," in ji Alhaji Sabo. "Kai muke jira. Bismilla."

Ya kamo hannuna ya jawo ni ciki. Na ga lokacin da hancinsa ya motsa. Ya dubi ƙirjin rigata, ya dubi fuskata. Ɗakin ƙarami ne, an rufe taga saboda na'urar sanyi, na san kafin a kai ruku'u kowa ya ji. Ina iya wucewa gaba, sallata ingantacciya ce, ba wanda zai tsayar da ni. Amma na hango mutanen da ke bayana suna sallah da hanci, kowa yana yanke hukuncinsa a zuci, gobe kuma a yi maganar a inda ba ni. Na tsaya a inda nake.

"Kafin a tayar, ku ji daga gare ni. Daga gidajen giya nake. Injin da na zo saya a can yake aiki, na je na gani. Tiyo ta fizge ta jiƙa ni, an wanke rigar. Ban sha ba. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, wani ya ja mu."

Alhaji Isufu, da ke cikin sahun, shi ne ya fara magana, ya ce shi dai ya san sana'ar abokan cinikin Madam, laifinsa ne da bai faɗa min ba, kuma duk wanda ya daɗe a garin nan ya ce bai taɓa zama teburin da aka ajiye kwalba ba, to ya fito ya ja sallar. Wasu suka yi murmushi, ba wanda ya fito. Alhaji Sabo ya gyara hularsa.

"Amma dai ba ka sha ba, Malam?"

"Ban sha ba, Alhaji."

"To, na yarda. Wallahi na yarda. Allah Ya kiyaye gaba."

Sai ya taka ya wuce gaba da kansa, ya ce a daidaita sahu.

Injin dai na saye shi, shi ne wanda kuka taso kuka gani a shagon baya, shi ya biya wa yawancinku makaranta. Da na kira mahaifiyarku washegari don in ba ta labari, na tarar ta riga ta ji, har da ƙarin cewa an ɗauko ni ranga-ranga. Ta bari na gama bayanina tsaf, sannan ta tambaye ni ko injin yana rufe kwalba da kyau. Na ce yana rufewa. Ta ce to in dawo gida, shaddar kuma in bar ta a can.

Na dawo ba wanda ya tare ni da maganar. Aka yi min sannu da zuwa, aka karɓi tsaraba, Alhaji Sabo da ya iso bayana har gida ya zo ya gaishe ni, kuma na tabbata duk inda ya ba da labarin yakan ƙare da cewa shi ya yarda ban sha ba. Na fara tunanin tsorona ne ya yi yawa. Sai wata Azahar liman ya tafi ɗaurin aure, muka taru, na tsaya a wurina na kullum a sahun gaba. Malam Ɗanlami ladan ya gama iƙama, ya waiwayo. Idonsa ya zo kaina, ya ɗan tsaya, na ga yana jin nauyi. Sannan ya wuce ni ya sauka a kan wani malamin Islamiyya da ke gefena. Mutumin ya dube ni. Na matsa masa ya wuce, na ɗaga hannu na yi kabbara tare da kowa.

Ba a sake waiwayo ni ba tun daga ranar, ni kuma ban taɓa tambaya ba. Idan wani ya ce muku ubanku ya shiga gidan giya a ƙasar Sin, kada ku yi faɗa da shi, ku ce ya shiga. Idan ya ce ya sha, ku ce bai sha ba, sau ɗaya, ku bar shi a nan. Ni ma sau ɗaya na faɗa.